Daɓen tarazo da asid ya ci: nazarin gyaran wani zauren taro a Gombe

Zauren da ake magana a kansa yana cikin garin Gombe, kuma an gina shi tun garin yana ƙarƙashin tsohuwar jihar Bauchi, kafin a yanko jihar Gombe a 1996. Tsawonsa mita 36 ne, faɗinsa mita 24, wato murabba'in mita 864. Ana taron bita a cikinsa, ana walima, ƙarshen mako kuwa na 'yan biki ne, su shigo da kuloli da kujerun ƙarfe su fita. Daɓensa tarazo ne irin na da: siminti da ƙananan tsakuwa aka kwaɓa aka zuba, aka gurje da inji har ya yi sumul. An raba shi gida-gida da baƙaƙen layuka na roba mai tauri, kowane gida mita 1.2 ta kowane gefe, gida 30 a tsawo, 20 a faɗi, jimilla 600.

Ƙorafin kwamitin da ke kula da wurin bai wuce abin da ido yake gani ba. Daɓen ya dushe ya yi kaushi, a wanke shi da safe, kafin azahar ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Tabon manja da na zoɓo sun zauna daram. A gindin bangon gabas wani farin gari yana tsatsowa kamar kanwa, a share yau, jibi ya dawo. Har sun riga sun yanke shawara: a rufe komai da tayil a huta.

Lissafin tayil ɗin ba shi da wuya. In mai santimita 60 za a sa, guda 2,400 ake bukata, kwali 600 ke nan in huɗu ne a kwali, sannan a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa. Ƙasan zai tashi da kusan santimita biyu, dole a cire ƙofofi a datse su. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Tayil halin abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka: in ƙasa tana motsi zai tsage daidai wurin, in akwai danshi zai ɓamɓare. Don haka aka nemi kwamitin ya ba da mako guda a bincika kafin a sayi ko kwali ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

An yi binciken cikin Satumba, damina tana shirin ban kwana, kuma lokacin ya dace. Da rani kowane daɓe a Gombe busasshe ne, ba zai faɗi gaskiyar abin da ke damunsa ba.

Da ƙwanƙwasa aka fara. Ana ɗaukar guntun rodi kamar tsawon sanda, a bi gida-gida ana sakinsa a tsakiya da kusurwa huɗu. Inda tarazo ya kama abin da ke ƙasa da shi, ƙarar tana fita da kaifi, ƙwas. Inda ya rabu kuwa, sai ka ji kamar an bugi ƙwarya a kife. Duk gidan da ya yi irin wannan ƙara a sa masa alama da alli, a rubuta lambarsa a taswirar zauren. Mutum biyu suka yi kwana biyu a kai, aka samu gida 47 masu holoƙo. Yadda suka jeru shi ne ya tona asirin: 26 a layin farko da ke jikin bangon gabas, 5 a layi na biyu, sauran 16 a warwatse cikin fili. Daga cikin na jikin bango, 12 sun nitse ƙasa, da aka ɗora doguwar falanki miƙaƙƙiya ana iya zura ɗan yatsa a ƙarƙashinta.

Sai gwajin danshi. A yanko leda mai kauri, santimita 45 ta kowane gefe, a manne ta da gam ta ko'ina ba inda iska za ta shiga, a bar ta aƙalla awa 16. An sa goma sha biyu a sassa daban-daban. Washegari huɗun da ke gabas duk sun yi raɓa a ciki, daɓen ƙarƙashinsu ya yi duhu. Sauran takwas ɗin a bushe suke ƙamas.

Kauri shi ne abin da zai nuna ko aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba, domin gurza tana cin daɓe. An huda wurare uku da injin huda mai zagayayyen baki aka ciro ɓawon. A kusurwar da ba a takawa kaurin tarazo milimita 13 ne, a tsakiyar zaure 11, a bakin babbar ƙofa 8. Ƙarƙashinsa akwai shafen siminti da yashi kamar santimita 4, sannan kankaren da magina ke kira jaman fulo, sannan ciko. Ba leda tsakanin kankare da ciko, wanda ba abin mamaki ba ne a ginin wancan zamani. Tunda gurzar gyara ba ta cin fiye da milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko bakin ƙofar ma yana da sauran rai.

Gwaji na ƙarshe ɗan ƙarami ne amma da shi aka gane komai. An ɗiga ruwan asid kaɗan a kan tsakuwa ɗaya a wani lungu bayan ƙofa, nan take ta fara tafasa. Mabul ce ke nan, irin wadda ake samu a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Da giranit ce ba za ta motsa ba. Ruwan zalla da aka ɗiga a tsakiyar zaure kuwa bai yi minti ɗaya ba daɓen ya shanye shi ya bar baƙin tabo, alamar fuskar ta zama kamar soso.

Masu laifi uku

Na farko asid ne, kuma shi ya yi ɓarnar da ta fi yawa. Duk wata biyu ko uku, gabanin wani babban taro, masu shara sukan sayo asid a kasuwa, irin wanda ake cire ragowar siminti daga jikin sabon tayil da shi, wato haidirokulorik. Su tsarma a bokiti, su watsa, daɓen ya yi ta kumfa, su bi da buroshi. In ya bushe sai ya yi fari tas, kowa ya yaba. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a aikin ya ɗauka kumfar datti ce ke fita, kuma ba laifinsa ba ne, haka ya tarar ana yi.

Mabul sinadarin kalshiyam kabonet ne, ɗan'uwan farin dutsen da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti da shi. Asid yana narkar da shi, kumfar da ake gani iskar kabon dayoksaid ce take fita daga jikin dutsen. Simintin da ya riƙe tsakuwar shi ma asid yana cinsa. Kowane wanki yana ɗauke siririyar fata daga fuskar daɓen, farin da ake gani sabon nama ne aka buɗe. Fuskar da aka buɗe cike take da ƙananan ramuka, ramukan su kama datti fiye da da, sai a ga ya yi saurin baƙi, sai a ƙara asid. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Shaidar tana nan a ƙasa ga mai son taɓawa: asid ba ya cin robar layukan, saboda haka sun zama tudu a kan daɓen. In ka tura kwabo a kwance sai ya toge a jikin layi, a bakin ƙofa tazarar ta kai milimita ɗaya.

Shugaban leburorin bai tsaya dogon bayani da dattijon ba. Ya tsinci tsakuwa ɗaya da ta fita, ya jefa a ƙaramin kofin roba, ya zuba asid ɗin da suke wanki da shi, ya ce, “Baba, a ajiye mana wannan zuwa la'asar.” Da aka duba, abin da ya rage bai kai ƙwayar gero ba.

Garin sabulun wanki da ake zubawa kullum ya taimaka wa asid ta wani gefe. Ana zuba shi da yawa, ba a ɗauraye shi, sai ya bushe ya bar wani dafi-dafi da ƙura ke mannewa a kai.

Na biyu yashi. A ma'aunin taurin duwatsu mabul yana mataki na 3, ƙwayar yashi tana na 7. Duk wanda ya shigo daga harabar da yashi a tafin takalminsa, samfefa yake ja a kan daɓen. Da hunturu ƙura ta ƙara nata. Ba tabarmar goge ƙafa ko ɗaya a ƙofofin uku, shi ya sa aka ga wata dusasshiyar hanya mai faɗin kamar mita uku ta miƙe daga babbar ƙofa zuwa dandamali. Kujerun ƙarfe da robar ƙafarsu ta fita sun bar zane da zoben tsatsa.

Na uku ruwa, kuma matsalarsa daga waje take. A wannan yanki hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan duka. Indararon da ke tare ruwan kwano a wannan ɓangaren ya ruɓe, rabin rufin zauren, fiye da murabba'in mita 430, yana juye ruwansa a gindin bango. Daga baya kuma an shimfiɗa intalok a harabar ba tare da an rage ƙasa ba, ya haye sama da layin da ke hana danshi hawa bango, gangarensa ma wajen ginin ya nufa. Ruwa ya taru, ya bi ta ƙarƙashi. Cikon da aka yi mai yashi ne, wanda duk wanda ya san yadda ruwa ke yanka kwazazzabai a garin Gombe ya san ba ya jure gudun ruwa. Ya zaizaye, kankare ya rasa abin da zai zauna a kai, ya karye ya nitse. Inda bai nitse ba, danshi ya riƙa hawowa ɗauke da gishirin siminti, ya bushe a sama ya bar farin garin nan, wani kuma ya daskare a tsakanin tarazo da shafe ya raba su.

A nan ne shawarar tayil za ta fi cutarwa. Tarazon siminti yana numfashi, danshi yana ratsa shi ya fita. Da an rufe shi da tayil ko fentin ifoksi, ruwan zai rasa mafita ya koma cikin bango.

Aikin waje

Ba a taɓa daɓen ba sai da aka gama da ruwa. Cikin Oktoba aka sa sabon indararo da bututu shida masu faɗin milimita 100. An ɗaga intalok faɗin mita ɗaya da rabi a tsawon bangon, aka kwashe ƙasa har ta koma santimita 15 ƙasa da layin hana danshi, aka zuba kankare mai gangaren santimita 2 a kowace mita yana kallon waje, da lambatu a bakinsa da zai kai ruwan magudanar titi. Daga nan aka buɗe tagogi aka bar wurin mako shida. Kwamitin bai ji daɗin wannan jira ba, don a idonsu ba aikin da ake yi, amma siminti sabo a kan jiƙaƙƙen gindi asarar kuɗi ce.

Cirewa da sake zubawa

Tsohon tarazo da sabo ba sa taɓa zama launi ɗaya. Siminti yana sauya kala da shekaru, tsakuwar yau ba daga ramin da aka haƙo ta da take ba. Maimakon a yi faci 26 a jere da za su riƙa tsone ido, sai aka cire layin farko gaba ɗaya, gida 30, aka mayar da shi baƙin gefe da gangan, kamar tun asali haka aka tsara. Biyar ɗin layi na biyu ne kawai aka yi ƙoƙarin kwaikwayon launinsu. Gida 35 ke nan, murabba'in mita 50 da ɗan ɗoriya.

Kafin guduma ta sauka sai an yanka gefen kowane gida da injin yanka mai bakin daimon, a bi jikin layin roba. In ba a yi haka ba, girgizar fasa gida ɗaya za ta saki maƙwabcinsa, aikin ya yi ta yaɗuwa. A gidaje 12 da suka nitse an fasa har kankaren, aka kwashe ruɓaɓɓen ciko, aka zuba jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Aka shimfiɗa leda mai kaurin maikiron 250, wato kwatar milimita, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya santimita 15 a manne. An huda gefen tsohon kankare aka dasa guntayen rodi don sabo da tsoho su riƙe juna, sannan aka zuba kankare santimita 10, awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu 11 ya ci.

Shafen da ke bisa kankare awo ɗaya ne na siminti da huɗu na yashi mai kaifi, wankakke, kaurin santimita 4. Ya ci buhu 15 da yashi fiye da kubik mita biyu kaɗan. Tun yana ɗanye ake dasa layukan roba a cikinsa, a daidaita kansu da tsohon daɓen da igiya da ma'aunin ruwa, a kuma kakkarce fuskar shafen don tarazo ya samu abin kamawa.

Kwaɓin tarazo kansa nauyin siminti ɗaya ne da biyu na tsakuwa, ba yashi ko kaɗan. A kaurin milimita 15 kowane murabba'in mita yana cin siminti kamar kilo 11 da tsakuwa kilo 22, wato buhu mai kilo 50 yana rufe murabba'in mita huɗu da rabi. An sayi buhu 13 da tsakuwa tan ɗaya da kwata saboda abin da zai zube. Ana gauraya siminti da garin kala a bushe tukuna, duk abin da za a bukata a yi shi sau ɗaya, in ba haka ba kowane kwaɓi da launinsa. Ruwa kaɗan, yadda in an dunƙula zai tsaya. A shafa ruwan siminti a kan shafen, a zuba kwaɓin kafin ya bushe, a baje shi ya ɗan haura layukan, a yayyafa ƙarin tsakuwa a sama, a bi da abin naɗi mai nauyi har ruwan siminti ya taso tsakuwa ta matsu da juna. Inda aka yi ƙwauron wannan matsewa, bayan gurza sai a ga fili-fili na siminti ba tsakuwa.

Don gidaje biyar ɗin nan an fara yin samfuri uku masu santimita 30, kowanne da nasa haɗin farin siminti da na gama-gari. An gurje su, an gurje wani ɗan wuri a tsohon daɓen, aka gwama su a jiƙe. Da busasshen daɓe mai datti ba a gwada launi. Na biyun ne ya fi kusa, amma mai lura zai gane su har yanzu.

Kuskuren da aka yi a nan na hunturu ne. Zubin farko ya faɗo cikin Disamba, aka tashi da yamma aka bar ƙofar gabas a buɗe, da nufin a rufe daɓen da leda da safe. Busasshiyar iska ta kwana tana bi ta kansa. Da gari ya waye gida huɗu sun yi tsaga-tsaga kamar bayan tsohuwar tukunya, don saman ya bushe ya tsuke ƙasan yana ɗanye. An gwada jiƙa su, bai yi amfani ba, sai da aka fasa aka sake. Daga ranar, da zarar fuska ta yi taurin da yatsa ba ya lotsa ta, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a rufe da leda, a rufe ƙofofi, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai.

Gidaje 16 da ke warwatse ba a fasa su ba, tunda ba su tsage ba kuma holoƙonsu a kusurwa yake. An huda ƙananan ramuka na milimita 6 a cikin simintin da ke tsakanin tsakuwa, tazarar kamar taƙi ɗaya, aka zuƙe ƙurar, aka ɗura ruwan gam na ifoksi mai tsinkakken jiki da babban sirinji har ya ɓullo ta ramin gaba, aka ɗora buhunan yashi a kai kwana guda. Goma sha huɗu sun kama. Biyu sun ci gaba da ƙarar ƙwarya, an bar su da alama a taswira tunda ba a kan hanya suke ba.

Gurza

An raba zauren kashi huɗu, kowanne murabba'in mita 216, don a riƙa aiki a ɓangare ɗaya ana amfani da saura. Kafin inji ya hau sai da aka ciro mai daga jikin daɓen, domin gurza ba ta kai zurfin da manja yake kaiwa. Ana kwaɓa garin alli da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da mai, ya yi kaurin man gyaɗa, a shafa a kan tabon kaurin rabin santimita, a rufe da leda kwana ɗaya, a buɗe a bar shi ya bushe. Bushewar ce ke jawo man sama. Wasu tabon sai da aka maimaita sau uku. Asiton yana kama wuta, saboda haka taga a buɗe, ba sigari, ba walda a kusa. Tabon zoɓo da shayi da goro kuwa da haidirojin feroksaid ake kwaɓa allin.

Injin tarazo na da, mai duwatsun kaborandam, har yanzu yana aiki kuma ana samun masu shi. A nan an yi amfani da mai faifan daimon saboda ya fi daidaita fuska, kuma da janareta aka tafiyar da shi, don in wuta ta ɗauke inji yana tsakiyar tafiya, inda ya tsaya sai ya bar zobe. Lambar faifai tana nuna kaushinsa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. An fara da 30 mai gindin ƙarfe, wadda ta cinye fatar da asid ya lalata ta kuma sauke layukan roba daidai da daɓe. Daga nan 60. Ana tafiya a hankali, kowane layi ya hau rabin na baya, a bi tsawo sannan a bi faɗi. Bakin ƙofa mai milimita 8 an taƙaita masa zagayen farko. Gefen bango da bayan ginshiƙai da ƙaramin injin hannu ake bi, kuma a nan ake gane aikin ganin ido.

Da ruwa ake gurzawa koyaushe. Ƙurar siminti da dutse tana lalata huhu, ba a wasa da ita. Taɓon da ke fita kuma yana ƙona fata, dole takalmin roba da safar hannu. Kada a tura shi lambatu, zai daskare ya toshe. A kwashe shi a durom, ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a zubar da dunƙulen inda ake zubar da ɓaraguzan gini.

Bayan lamba 60 fuskar tana fitowa da dubban ƙananan ramuka kamar bakin allura. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, alhali shi ne zuciyar aikin. A wanke daɓen sosai, a dama siminti mai launin daɓen da ruwan gam na siminti ya yi kaurin koko, a shafa da cokalin gini ana dannawa cikin ramukan, a bar shi da danshi awa 72. An gwada rage wa ɓangaren farko zuwa kwana biyu saboda wani biki da ke tafe, faifan 120 ya tsince cikon daga ramukan, aka koma baya aka sake. Sabon zubin ma haka: wanda aka hau kafin ya cika mako, tsakuwarsa fita take maimakon ta yanku.

Daga 120 aka koma wani jerin faifai masu taushin gindi, ba na ƙarfe ba, 100 da 200, aka shafa ruwan silikat mai ƙara wa siminti tauri, kamar lita ɗaya a murabba'in mita 12, jimilla lita 72, aka bar shi ya kwana. Sannan 400 da 800. Tsakanin kowane mataki sai an wanke, don ƙwaya ɗaya ta faifai mai kaushi in ta rage za ta zana daɓen har ƙarshe. Kwamitin ya so a ci gaba zuwa 3,000 ya zama madubi. An ba su shawarar tsayawa a 800. Wurin da ake zuba lemo da miya, tsofaffi da mata masu dogon takalmi suna wucewa, ƙyallin madubi santsi ne, kuma zanen kujera ya fi fitowa a kansa.

Abin rufewa na ƙarshe mai shiga cikin jiki aka zaɓa, wanda ke hana ruwa da mai saurin nitsewa amma yana barin danshi ya fita, shafi biyu, a goge abin da bai shiga ba kafin ya bushe. Ba a sa kakin da ke kwanciya a sama ba. Yana da kyau a makon farko, amma da ƙurar Gombe kafin wata uku ya yi rawaya yana ɓarewa. Tsaga ɗaya da ta ratsa tsakiyar zaure, daidai inda kankaren ƙasa yake da gaɓa, ba a cike ta da abu mai tauri ba, don za ta sake buɗewa a gefe. An yanke ta ta miƙe, aka cika da gam mai talewa.

Tsarin kula da aka bar wa masu shara

An kwashe duk jarkokin asid daga sito. Wannan ya zama dole ta wani dalilin ma: ana ajiye su kusa da ruwan bilic, kuma in biyun suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, wadda ke iya kwantar da mutum a rufaffen ɗaki. Lemon tsami da ruwan tsami na kanti su ma asid ne a wurin mabul, haka yawancin ruwan wanke masai.

Kowace ƙofa ta samu tabarmar goge ƙafa mai tsawon mita huɗu, rabi mai kaushi a waje, rabi mai laushi a ciki, yadda kowace ƙafa za ta taka sau biyu ko uku. A kakkaɓe su kullum, don tabarmar da ta cika da yashi ita ma rabawa take. Ana kwashe ƙura da faffaɗar mofa busasshiya kowace safiya, da hunturu sau biyu. Wanki da sabulun ruwa marar asid marar kaifi, mai lamba 7 a ma'aunin pH, a auna yadda aka rubuta a jikin jarka, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na matse datti, a canja ruwa da zarar ba a ganin gindin bokiti. Sau ɗaya a mako a bi da injin goge daɓe da jan soso, fari kuma don ƙyalli. Baƙin soso na cire tsohon kaki ne, bai da aiki a nan. An sa wa kujeru 500 robar ƙafa, an kuma sa a cikin takardar hayar zaure cewa masu abinci za su shimfiɗa leda da katako a inda za su ajiye kuloli, abin da ya zube a goge kafin a tashi. Duk wata shida a ɗiga ruwa a bakin ƙofa: in ya tsaya dunƙule minti biyar lafiya, in daɓen ya yi duhu lokacin sake shafi ya yi a wannan wurin kaɗai.

Gwajin leda da aka maimaita cikin Janairu ya fito a bushe, amma ba a ɗauke shi hujja ba. Sai da Agusta ta zagayo, bayan kwana uku ana ruwa, aka sake manna huɗu a gabas. Uku ba komai. Ta huɗun, a kusurwar arewa maso gabas, ta yi ɗan duhu ba raɓa. Da aka zagaya waje sai aka tarar ledojin ruwa da yashi sun toshe bakin lambatun, ruwa ya kwanta a gindin bututun ƙarshe. An yashe shi, aka sa raga a bakin, aka ƙara yasar lambatu cikin aikin masu shara na kowace Juma'a daga Mayu zuwa Oktoba.